Minsharin Mai Gida: Ina Ƙara Ta Tsaya, Ina Ciwo Ya Fara?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin Garwa na arewacin Kamaru ke haura digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa. Kowa sai ya ja tabarma ko katifa zuwa tsakar gida, a Yelwa da Hausare kamar yadda ake yi a Marwa da Kusiri da Njamena. A nan asirin da bango ya rufe duk shekara yake tonuwa. Maƙwabcin bayan katanga ya gane wanda ke jan minshari a gidan, yara su riƙa kwaikwayonsa a ɓoye da safe, uwargida kuwa dama ta daɗe da sanin abinta.

Maganar ta tashi daga raha ta koma tambaya tun ranar 20 ga Disambar 2024, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Zepbound a matsayin magani na farko ga masu ɗaukewar numfashi a cikin barci. Labari irin wannan in ya bi ta hannu goma kafin ya iso, sai ya koma "an samo maganin minshari". Mai nema wa mijinta ko mahaifinsa sauƙi sai ya tsinci kansa tsakanin masu shawara da bakinsu bai zo ɗaya ba. Wanzami ya ce beli ne, a cire. Mai maganin gargajiya ya ce sanyi ne da majina. Mai talla a Facebook ya ce a sayi abin maƙala wa hanci. Likita kuma ya ce a kawo shi a gwada tukuna.

Daga ina ƙarar take fitowa

Daga bayan hanci zuwa maƙogwaro babu ƙashi ko guringuntsi da ya tokare hanyar iska. Tsoka ce ke riƙe ta a buɗe. Muddin mutum yana farke, tsokar a ɗame take. Da barci ya yi nauyi sai ta saki, naman ganɗa mai taushi da beli da tushen harshe su sauko, hanya ta matse. Iskar da ta saba wucewa a sarari sai ta kutsa da gudu, ta riƙa kaɗa naman nan kamar yadda iskar hadari ke kaɗa ledar rumfar kasuwa. Wannan kaɗawar ita ce minshari, kuma ta fi fitowa lokacin jan numfashi ciki.

Saboda haka musun da mai minshari ke yi da safe ba ƙarya yake shara wa kowa ba, bai ji kansa ba ne. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan harka na kusa da ɗakin ne ya sani. Sannan matsewar tana iya kasancewa a hanci, ko a ganɗa, ko a tushen harshe, ko kitsen wuya ne ya danne hanyar daga waje. Shi ya sa dabarar da ta yi wa wane aiki takan ƙi yi wa wane, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Shirun da ke tsakiyar ƙara

Likitoci sun raba minshari gida biyu. Akwai minshari zalla: ƙara ce mai tafiya a jere, numfashi bai katse ba, mutum ya tashi da safe garau. Wannan ya fi cutar da masu sauraro fiye da mai yi. Akwai kuma ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda likitocin Kamaru da Chadi ke rubuta wa apnée du sommeil a takardar asibiti. A nan hanyar takan rufe gaba ɗaya ko kusan haka. Ana cikin jin ƙara sai a ji tsit, ƙirji na ta fama amma iska ba ta shiga. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci kaɗan, ya ja wani dogon numfashi da gurnani kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya koma barci. Da safe bai san an yi ba.

Ba a lissafa tsayawar sai ta kai daƙiƙa 10. Ana ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a awa guda: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Wanda ke kan 30, in ya kwanta awa bakwai, an katse masa barci sau 210 ke nan a dare ɗaya. Ga dalilin da ya sa za a ga mutum ya kwanta tun bayan isha'i amma ya wayi gari kamar wanda ya kwana gadi.

Sanin ciwon bai daɗe ba a ilimin likitanci. A 1965 Henri Gastaut da abokan aikinsa a Marseille ta Faransa suka auna yadda numfashi ke tsayawa ga masu ƙiba masu yawan gyangyaɗi, a 1976 kuma Christian Guilleminault, Bafaranshen likita a jami'ar Stanford ta Amurka, ya fayyace shi da sunan da ake kiransa yau. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum kusan miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya, miliyan 425 daga ciki matsakaici ko mai tsanani.

Da dare alamunsa su ne shirun nan, da firgigit da shaƙewa, da tashi fitsari sau da yawa. Da rana kuma ciwon kai da sassafe, bushewar baki, saurin fushi, mantuwa, raguwar sha'awar iyali, da gyangyaɗin da ba ya jin kunyar wuri. Dattijon da kowace Juma'a sai ya yi minshari a zaune liman na huɗuba, jama'a sukan tsaya kan ko alwalarsa ta warware, tunda a mazhabar Malikiyya barci mai nauyi na warware ta. Tambaya ce mai muhimmanci, amma akwai wata a bayanta: me ya hana shi samun barci da dare?

Wasu kuma in suka farka a shaƙe sai su ce dannau ne. Abubuwan biyu sun bambanta. A dannau mutum idonsa biyu, yana jin komai, amma ya kasa motsa gaɓa na ɗan lokaci. Mai ɗaukewar numfashi kuwa zabura yake yi yana neman iska. Addu'ar kwanciya tana nan a matsayinta, ba ta kuma hana a duba maƙogwaro.

Duk tsayawar numfashi tana zaburar da zuciya, jini ya hau. In aka shekara goma ana haka kowane dare, sai hawan jinin ya zauna har da rana. Ciwon yana tafiya tare da hawan jinin da ya gagari magani iri uku, da bugun zuciya marar tsari, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga. Ga masu tuƙi abin ya fi gaggawa, domin bincike da dama sun nuna haɗarin mota ga wanda ba a yi wa magani ba ya haura ninki biyu. Direban tirela da ya ɗauko kaya daga Duwala ko tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zai nufi Njamena, ga gangaren dutsen nan na hanyar Garwa a gabansa, ba ya buƙatar ya yi barcin minti guda kafin a yi asara. Goro da shayi da kofi suna rufe gyangyaɗin na 'yan awoyi, ba sa biyan bashin barcin.

Abin da ke jawo shi

Ƙiba ce kan gaba, musamman ta wuya da ciki. Wani dogon bincike a jihar Wisconsin ta Amurka, da aka buga a 2000, ya gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana ƙara yawan tsayawar numfashi da kusan kashi 32, raguwar kashi 10 kuma tana rage shi da kusan kashi 26. Awon wuya da ya wuce santimita 40 yana cikin abubuwan da likitoci ke lura da su, kuma telan da ke ɗinka wa Alhaji kaftani ya riga ya san lambar. Wahalar ita ce a wurinmu teɓa da kaurin wuya shaidar hutu ce da wadata, wanda ya rame kuma sai a fara tambaya ko lafiya.

Sai dai siriri ma yana minshari. Ƙaramin muƙamuƙin da ya koma baya, karkataccen ƙashin hanci, babban harshe, ko kumburin ƙululun nama biyu na gefen maƙogwaro da ake kira amigdal a asibitocinmu, duk suna matse hanya ba tare da kitse ba. Da yawa daga cikin wannan gado ne. Maza sun fi mata, amma bayan ɗaukewar al'ada mata kan matso kusa da su. Tsufa na sassauta tsoka, maƙoƙo da raunin aikin halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo su ma suna taimakawa.

Sai abin da ake shaƙa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan kumbura cikin hanci, mutum ya koma numfashi ta baki, wanda bai saba minshari ba ma ya fara. Hayaƙin icce, maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki, taba da shisha duk haka suke yi. Turaren wuta ma hayaƙi ne, duk da ƙanshinsa. A turara ɗaki da wuri a bar iska ta ratsa kafin a kwanta.

Mafi haɗari shi ne abin da ake haɗiya. Giya, ta kwalba ko bilbil, da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, da tramol, suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, wasunsu kuma su dusashe farkawar nan da ke ceton mai ɗaukewar numfashi. Iyalin da suka ga baba na juye-juye da dare suka saya masa ƙwayar barci a teburin mai magani, da niyyar alheri suka yi, amma sun ƙara tsawon shirun ne.

Askar wanzami da wuƙar likita

Cire beli tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da arewacin Kamaru da Chadi da Nijar. Ana yi wa jarirai a kwanakin farko, ana kuma yi wa manya in tari ko ciwon maƙogwaro ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanzamin da ya ce beli na da hannu a minshari bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin belin na cikin naman da ke kaɗawa, kuma su ma likitoci suna da tiyatar da ke cire shi. Wani likita a Japan, Takenosuke Ikematsu, ya bayyana irinta a 1964 don maganin minshari, a 1981 kuma Shiro Fujita ya yaɗa ta a Amurka don masu ɗaukewar numfashi.

Bambancin yana cikin abin da ake yanka da abin da ake samu. Likita kan haɗa da wani ɓangare na naman ganɗa da amigdal, bayan ya duba ya tabbatar a nan matsewar take, a ɗakin tiyata da kayan tsayar da jini. Duk da haka, da aka tattara sakamakon aikin ga masu ɗaukewar numfashi, waɗanda suka samu biyan buƙata ba su kai rabi ba, ga wasu kuma minsharin ya dawo bayan 'yan shekaru. Shi ya sa likitoci suka daina sa wannan tiyata a gaba. In aikin da ya fi faɗi bai wuce haka ba, cire beli shi kaɗai ba zai yi abin da ake fata ba. Hujjar ma tana cikin gidajenmu: maza da yawa da ke hana unguwa barci yau, tun suna cikin tsumma aka cire musu beli.

A ɗaya gefen kuma ga zubar jini, wadda ta fi yawa ga babba, da ruɓewar miki, da cutar sarƙe haƙora, da ciwon hanta ko ƙanjamau in aska ɗaya ta bi mutane da yawa. Akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba ko a tiyatar asibiti: ƙarar ta ragu, numfashi ya ci gaba da tsayawa, iyali su saki jiki.

Inda wuƙar likita ta fi amfani shi ne inda aka ga takamaiman abin da ya toshe hanya, kamar tsiron nama a cikin hanci, karkataccen ƙashi, ko manyan amigdal.

Abin da ba ya cin kuɗi

Kwanciyar rigingine ita ce babbar abokiyar minshari, domin harshe da ganɗa baya suke faɗawa. Ga mutane da yawa juyawa gefe kaɗai na rage ƙarar sosai. Musulmi bai buƙaci a koya masa wannan daga waje ba: hadisin Bara'u ɗan Azib da ke cikin Buhari da Muslim ya yi umarni da kwanciya a ɓangaren dama. Matsalar ita ce mai barci ba ya riƙe alƙawari. Turawa kan ɗinka ƙwallon tanis a bayan rigar barci. A nan ƙwallon goruba a cikin ɗan aljihu da aka ɗinka tsakanin kafaɗu zai yi aiki iri ɗaya. Da ya juya rigingine ta tokare shi ya koma gefe, ba sai an yi ta zungurinsa ba. Ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, kamar santimita 10, ya fi tara matasai, domin matasai da yawa lanƙwasa wuya suke yi.

In hanci ne, a wanke shi kafin kwanciya da ruwan gishirin da ake sayarwa a farmasi, ko a haɗa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan rijiya ko na famfo da ba a tafasa ba bai dace da cikin hanci ba. Maganin feshi mai buɗe hanci nan take kuwa kada ya wuce kwana uku zuwa biyar, domin in aka zarce hancin kan toshe fiye da da, mutum ya zama ba ya iya barci sai da shi. Man shafawa mai mentol sanyi yake sa mutum ya ji kamar hanci ya buɗe, amma hanyar ba ta ƙara faɗi ba. Zuma da citta da kanumfari suna sanyaya maƙogwaro lokacin mura, a nan amfaninsu ya tsaya.

Rage ƙiba ya fi komai tasiri ga mai ƙiba, shi ne kuma ya fi wuya. Mai kilo 100 da ya sauke 10 ya riga ya ga canji. Wuraren da kilon ke ɓuya sanannu ne: sukarin shayi zagaye uku, lemon kwalba, soye-soye, malmalar tuwo ta biyu da dare, da hawa babur zuwa masallacin da ke bayan layi. Wannan aiki na mai girki ne kamar yadda yake na mai ci.

Akwai kuma atisayen harshe da maƙogwaro. A birnin Sao Paulo na Barazil an gwada shi a 2009 da 2015: a manna kan harshe a ganɗa a ja shi baya, a manna dukan harshen sama, a danne tushensa ƙasa, a riƙa maimaitawa kullum. Bayan wata uku minsharin ya ragu a fili, bai ɓace ba. A Suwizalan ma, a wani ƙaramin gwaji na mutum 25 da aka buga a 2006, koyon busa wani dogon bututun mutanen asali na Ostireliya ya rage gyangyaɗi da tsayawar numfashi cikin wata huɗu. Salon numfashin da ake busa shi da shi, a shaƙa ta hanci ba tare da sauti ya katse ba, shi ne wanda masu algaita ke yi a fadojin lamidai, ko da yake a kan bututun Ostireliya aka yi gwajin.

Kayan da ake talla a waya

Filastar da ake manna wa bisa hanci da 'yar robar da ake cusawa ciki suna ɗan taimaka wa wanda matsalarsa a ƙofar hanci take, ba sa kaiwa ga maƙogwaro. Zobe, maganaɗisu da feshin baki babu ƙwaƙƙwarar hujja a bayansu. Manne baki da salatif, da ake yayi a TikTok, ya wuce asarar kuɗi: mutumin da hancinsa ke toshe, ko numfashinsa ke tsayawa, an rufe masa ƙofar da yake tsira ta ita.

Na'ura, wuta da allura

Maganin da ya fi tabbata ga matsakaici da mai tsanani na'ura ce da ake kira CPAP, masu karatun Faransanci kuma PPC suke ce mata. Colin Sullivan ne ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya, ya buga sakamakonsa a 1981. 'Yar akwati ce mai hura iska ta mesa zuwa abin rufe hanci, iskar ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. In an saita ta daidai, minshari da tsayawar numfashi kan ɗauke tun daren farko. Ba ta warkarwa. Daren da aka ajiye ta ciwon ya dawo.

Ko a tsakanin likitoci akwai saɓani kan iyakar amfaninta. Babu jayayya cewa tana kore gyangyaɗi, tana kuma ɗan sauke hawan jini. Amma wani babban gwaji da aka buga a 2016, mai mutum sama da 2,700 masu ciwon zuciya ko jijiyoyin jini, bai nuna ta rage haɗarin bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Masu kare ta suka ce ai mutanen awa uku da 'yan mintuna kawai suke sa ta a dare. Masu shakka suka ce wannan ma hujja ce, maganin da mutane suka kasa jurewa amfaninsa ragagge ne.

A arewacin Kamaru akwai ƙarin tarnaƙi. Gwajin barci, wanda ake kwana da wayoyi a jiki ana auna numfashi da oksijin, ya fi samuwa a Yawunde da Duwala. Sabuwar na'ura ɗaruruwan dubban sefa ce, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun 2023 bai wuce sefa 60,000 ba. Shirin kula da lafiyar kowa da gwamnatin Kamaru ta fara a Afrilun 2023 ya fi karkata ga masu ciki, ƙananan yara, wankin ƙoda, tarin fuka da ƙanjamau, don haka magidanci daga aljihunsa zai biya. Sai wuta: in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya a rani, Garwa da Marwa sun san abin da ke biyo baya, Chadi kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin lantarki a duniya. Abin sauƙin shi ne in ba a kunna ɓangaren ɗumama ruwa ba, na'urar ba ta fi fanka cin wuta ba, batirin sola na iya kai ta asuba. Matatar iskarta kuma sai an riƙa sauyawa akai-akai lokacin hunturu.

Mai neman ta hannu ya lura da abu biyu. Ƙarfin iskar likita ke saita shi ga kowane mutum. Sannan a Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke ciki yana rududdugewa, zafi da laima kuma na gaggauta hakan. A duba samfurin kafin a biya.

Ga mai minshari zalla ko mai sauƙi zuwa matsakaici akwai abin da ya fi dacewa da garin da wuta ba ta da tabbas: robar da likitan haƙori ke aunawa a sa a baki da dare, ta turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan, harshe ya biyo shi. Tana buƙatar lafiyayyun haƙora, takan kuma sa ciwon muƙamuƙi a farko.

Allurar da ta tayar da zancen kuwa maganin rage ƙiba ce, ta wannan hanyar take rage ciwon. An amince da ita ga manya masu ƙiba da gwaji ya tabbatar suna da matsakaici ko mai tsanani. A gwajin mutum 469 na shekara guda, nauyinsu ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin biyar, tsayawar numfashi ta ragu da sau 25 zuwa 29 a awa. Duk mako ake yinta, a firiji ake ajiye ta, tana sa tashin zuciya da gudawa, in an daina kuma ƙibar kan dawo. Siririn da ke minshari ba ta da abin yi masa. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wata allura 'yar'uwarta, abin da ya isa a yi hattara da duk wadda aka kawo a jaka ba takardar likita.

Yara da masu juna biyu

Yaron da ke minshari lokacin mura ba abin damuwa ba ne. Wanda ke yi kusan kullum, yana barci baki buɗe, yana gumi da juye-juye, yana fitsarin kwance bayan ya wuce shekarunsa, ko ya kasa natsuwa a makaranta, yawanci amigdal ne ko tsiron naman bayan hanci. Yaro maimakon gyangyaɗi ƙiriniya yake ƙarawa, sai a yi ta dukansa a kan abin da barci ya jawo. Masu sikila sun fi kamuwa, kuma raguwar oksijin ta fi yi musu illa. A nan tiyatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, tana warkar da mafi yawansu. Mai cikin da ta fara sabon minshari, musamman in ga kumburin ƙafa ko ciwon kai, ta faɗa a wurin awo a gwada jininta.

Wa zai faɗa wa Alhaji

Wanda ke kwana kusa da mai minshari shi ma marar lafiya ne da ba a lissafa ba. A wani ƙaramin bincike na ma'aurata 10 a asibitin Mayo na Amurka a 1999, da aka sa wa mazan na'ura sai matan suka samu ƙarin barcin kusan awa guda a dare. Abin toshe kunne, ƙarar fanka, ko riga shi kwanciya suna rage wahala, amma mai jaririn da za ta ji kukansa ba za ta toshe kunne ba.

Raba ɗaki ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe, tunda magidanta da yawa suna da turakarsu. Yana ba mai sauraro hutu, sai dai yana barin mai ciwon ba wanda ke jin shirunsa. A gidan da mata biyu ko uku ke karɓar girki, kowacce ta san abin da take ji ranar kwananta, da wuya kuma su zauna su haɗa bayani.

Kunya ce babban shinge. Ɗa ba zai dubi mahaifinsa ya ce yana minshari ba. Sai ya bi ta wajen mahaifiya, ko kawu, ko aminin baban. Matar ma in ta kawo maganar da sigar ƙorafi, ko a gaban yara, musu za ta samu. Abin da ya fi shiga shi ne a bar zancen ƙara a yi zancen numfashi: "Alhaji, jiya numfashinka ya tsaya har na ƙirga goma sha biyar kafin ya dawo, hankalina bai kwanta ba." In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ɗaukar sautin a waya yana kashe musu, amma da izininsa, kuma don likita, ba don zauren WhatsApp na dangi ba.

Ranar zuwa asibiti, wanda ke kwana kusa da shi ya raka shi, domin shi ne shaida. A tafi da sautin minti biyu ko uku da ya kama shirun da gurnanin da ke biye da shi, da awon wuya da nauyi, da lambobin hawan jini in ana gwadawa, da sunan duk ƙwayar da yake sha har wadda aka saya a tebur. A faɗi gaskiya in ya taɓa gyangyaɗi a kan sitiyari ko babur, kuma kafin a gan shi ya ajiye tuƙin dare da doguwar tafiya shi kaɗai. Likitan gama-gari na asibitin gunduma zai iya fara dubawa, ya tura wurin ORL ko likitan huhu. In kuma wata tiyata ce ta taso, ko ta ƙaba ce ko ta karaya, iyali su sanar da mai allurar barci tun kafin a shiga cewa mutumin nan numfashinsa na tsayawa da dare, domin hakan na sauya maganin da za a ba shi da irin sa idon da zai buƙata bayan an fito da shi.